Ɗan Tudu A Jirgin Buhu

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma ci gaban littafin da muke ciki ba ne, ku yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa. Labarin kaina zan ba ku, wanda na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, don kuwa a cikinsa ba ni ne jarumi ba.

Waɗanda suka karanta littattafaina na farko za su tuna wani da na rubuta ina saurayi, inda jarumin ya ɗauki masoyiyarsa a wani farin jirgin ruwa na alfarma mai tafiya da iska suka shiga teku. A shafin da na fi alfahari da shi na ce igiyar ruwa ta taso, sai gogan naka ya taka birki jirgin ya tsaya cak. Birki fa, a kan teku! Babu wanda ya yi mini gyara, domin ni da mai buga mini da masu sayarwa a Sabon Gari da masu karɓar haya duk 'yan tudu ne. Abin da na sani game da teku bai wuce fim ɗin Titanic na 1997 da finafinan Indiya ba. Ni mutumin Dawanau ne ta ƙasar Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na kududdufin da muke wanka in damina ta yi nisa.

Rubutu ba ya ciyar da mai shi, wannan kowane marubuci ya sani. Abincina a kasuwar hatsi ta Dawanau yake, wadda aka kafa a 1985 a bakin titin Katsina, kuma har yau ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. A lokacin ina yaron wani Alhaji mai harkar wake, nakan bi tirela zuwa kudu in sauke kaya in karɓo kuɗi. A kasuwarmu gwanin lodi shi ne wanda in an ce mota ta cika zai samo wa buhu goma wurin zama. Da wannan ilimin na tashi, da shi kuma na je Legas a wani watan Afrilu, ana tsananin zafin bazara a Kano, su kuwa can ruwa ya riga ya fara sauka.

Mun sauke a Iddo, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Cikin kayan akwai buhu 30 na wata Alhaja mai sayar da wake a Epe, garin masunta da ke gabas da Legas a bakin tafki. Ana wahalar man fetur a lokacin, direbobi sun ninka kuɗin mota. Sai wani ɗan dako ya raɗa mini cewa akwai wani tsoho mutumin Epe da ya kawo busasshen kifi da itace, zai koma jirginsa wayam, kuma abin da zai karɓa bai kai rabin na mota ba. Nan take zuciyata ta yi lissafi biyu: ragowar kuɗin motar zai shiga aljihuna in haɗa in buga kashi na biyu na littafina, sannan ga teku zan gani a ɓagas. Ban yi wa Alhaji waya ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Tsohon Bayarabe ne Musulmi, ya yi shekaru yana fataucin goro a Kano tun yana matashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Baba nake ce masa, shi kuma ɗan Kano. Tare da shi akwai ɗansa magidanci da jikansa ɗan kamar shekara goma. Jirgin katako ne dogo, babu inji, sai wani doguwar sanda a tsaye a gaba da wata gora da aka tokare ta a karkace, a jikinsu kuma an ɗaura wani ƙaton abu kamar labule, wanda Yarbawa ke kira igbokun, ni kuwa zanin iska nake ce masa. Da na matsa kusa sai dariya ta kama ni, ashe buhuna ne aka farke aka ɗinke su wuri guda, na shinkafa da na fulawa da na taki. Har na ga ɗaya mai irin alamar jan fentin da 'yan kasuwarmu ke yi wa kayansu. Na ce a raina, ashe buhun Dawanau ya riga ni zama matuƙi.

Da aka loda buhu 24 sai Baba ya tsuguna ya sa hannu ya auna daga saman ruwa zuwa bakin jirgi, taƙi biyu, ya ce ya isa, shidan a bari sai wani zuwan. Ni kuwa na dubi jirgin na ga fili fetal. Na shiga yi masa irin roƙonmu na tasha, haba Baba, shida ne fa kawai, Allah zai kiyaye, zan ƙara maka wani abu. Ya daɗe yana kallona, ya dubi sama, ya dubi ɗansa, daga ƙarshe dai buƙata ta rinjaye shi kamar yadda take rinjayar kowa. Kowane buhu kwano 40 ne, wajen kilo 100. Da aka gama taƙi biyun nan sun koma ɗaya da ɗan ɗoriya.

Sai da muka tashi na gane cewa ba teku za mu shiga ba. Tekun, wanda suke kira okun, yana kudu, tsirin yashin Lekki ya raba mu da shi. Inda muke shi ne osa, wato babban tafkin Legas, wanda ruwan teku ke shigowa cikinsa ta bakin tashar jiragen ruwa ya gauraya da na koguna, shi ya sa yake cika yana janyewa sau biyu a yini da dare. Duk faɗinsa yawancinsa ba shi da zurfi, gora tana taɓa ƙasa. Muka wuce gumagumai da aka ɗauro a ruwa daga dazuzzukan gabas zuwa wurin masu yankan katako, muka wuce gidajen Makoko da ke tsaye a kan dirkoki, muka bi ta ƙarƙashin gadar Third Mainland da aka kammala a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12. Sau nawa na bi ta kanta a mota ina hango irin jiragen nan kamar tsumma a kan ruwa, yau ga ni a cikin tsumman.

Aikin farko da aka ba ni shi ne kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka. Na ji haushi, ni da na yi sakandare har ina da littafi a kasuwa. Baba ya ce wanda bai iya fitar da ruwa daga jirgi ba ba a ba shi igiya. Sai wajen hantsi, da iska ta fara kaɗawa sosai daga kudu maso yamma, ya kira ni baya kusa da shi ya damƙa mini igiyar da ke riƙe da gefen zanin iska. Shi yana riƙe da babban filafilin da ake juya jirgi da shi.

Karatun nasa gajere ne. Ya ce in rufe ido in juya fuskata har sai na ji iska daidai a kunnuwana biyu, to can take fitowa. Ya ce in sa ido a bakin zanin, in na ga yana karkarwa kamar tuta in ja igiya, in na ji jirgi ya kwanta gefe guda in sassauta. Ya ce in zauna ƙasa, kada in miƙe ba sanarwa. Sannan ya kama hannuna ya zagaya igiyar sau ɗaya a jikin katakon zama, ya ce haka ake yi don ta rage wa hannu nauyi, amma kada in kuskura in ɗaure ta, ko da hannuna zai tsage. Ya maimaita har sau uku.

Mai karatu, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ka ja igiya kaɗan, sai ka ji tan uku na wake da mutum huɗu sun zabura gaba, babu ƙarar inji babu hayaƙi, sai motsin ruwa a gefen katako. Ka yi sake kaɗan, sai buhunan nan su hau faɗa da juna jirgi ya yi sanyi. Na tambayi Baba ina birki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa ɗansa, shi ma ya tuntsire. Ya ce jirgi ba shi da birki, in kana so ka tsaya sai ka saki igiya iska ta zube, ko ka juya hancinsa ya fuskanci iskar, ka kuma fara shirin tsayawar tun kana nesa.

Na ba shi labarin fararen jiragen da na taɓa hangowa daga Marina, na ƙungiyar masu tseren jiragen iska ta Legas da aka kafa tun 1932, irin wanda na ba jarumina. Ya ce waɗannan suna da wani faffaɗan ƙarfe ko katako a ƙarƙashinsu mai nitsewa cikin ruwa, shi ke hana iska ture su gefe, shi ya sa suke iya tunkarar inda iska ke fitowa ta hanyar yin gwauron kwana, su bi dama su dawo hagu, kamar mai hawan tudu da jaki. Nasa kuwa cikinsa a shafe yake don ya bi ruwa mara zurfi, saboda haka iska daga baya ko daga gefe kawai yake ci. In za shi Legas sai ya jira sanyin asuba ko ruwa ya juya, ko a tura da gora. Amma da mai farin jirgi da mai buhu, in ji shi, babu wanda ke shiga idon iska kai tsaye.

Da magariba iska ta kwanta. Muka kafa gora muka ɗaure jirgi kusa da wani shingen kifi, muna hango fitilun Ikorodu can arewa. Muka yi salla a kan buhuna, muka ci gari da kifi, sauro kuma ya ci mu. A nan na gaya wa Baba yadda mahaifina ke tsayawa a bakin gona in bazara ta yi nisa yana shinshina iska, in ta daina zuwa daga arewa maso gabas, inda hunturu ke fitowa, ta koma kudu maso yamma da ɗan laima a jikinta, sai ya ce a fito da iri. Baba ya ce to ai ita ce wannan da ta turo mu yau, daga teku take tasowa, tafiya ce take yi a hankali har ta iso muku. Na kwanta ina mamaki, wato iskar da muke jira a Dawanau ita ce na riƙe da igiya yau.

Washegari muka ci gaba. Kafin azahar tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe, domin hannun da ya saba da biro da lissafin buhu ne. Na saci kallon Baba na ga hankalinsa yana kan wasu tarin ciyayin ruwa masu kama da kainuwa da suka tare hanya. Sai na yi wa igiyar ƙulli ɗaya, na ɗora hannu a kai kamar ina riƙe da ita. Na ce minti biyar ne in huta. Da na ji daɗi sai na ƙara ƙulli na biyu.

Muna gab da Ejinrin sai iska ta ɗauke ɗif, zafi ya sauko kamar an rufe mu da bargo. Na waiga gabas na ga gindin sama ya yi baƙi ƙirin da wani fari-fari a bakinsa. Wannan kam ba sai an koya mini ba, ko a Dawanau hadari daga gabas yake zuwa, kuma iska ce ke riga ruwa isowa. Na ce Baba, hadari. Ya ce ya gani, amma ya ji daɗi da na gani. Ya juya mu wajen gaɓa, ya ce wa ɗansa ya je ya sauke gorar da ke tokare da zanin. Bai kai ga isa ba wata iska mai sanyi ta mare mu daga gaba, zanin ya juye ya cika ta bayansa, jirgi ya kwanta.

"Saki! Ɗan Kano, saki igiya!"

Wallahi na ji shi sarai. Amma ɗan tudu in ya tsorata riƙewa yake yi, ko reshe ne ko ƙarfen mota ko rigar uwarsa. Na ƙanƙame igiyar da hannu biyu ina salati, ga kuma ƙulli biyu a ƙarƙashin hannuna da suka jiƙe suka ƙara tamkewa. Taƙi ɗayan nan da ya rage ya ɓace, ruwa ya fara kwararowa ta gefe kamar an fasa madatsa. Yaron nan ne ya tsallako ta kan buhuna da 'yar wuƙar gyaran kifi ya datse igiyar. Zanin ya fizge, gorar ta juyo ta make shi a kafaɗa, sai gani na yi babu yaro.

Ubansa ya faɗa ruwa. Ruwan sama ya kece, ba ka ganin hancin jirgi daga bayansa. Jirgin ya miƙe amma ya sha ruwa har ya rufe buhunan ƙasa, kowace igiyar ruwa ta zo sai ta leƙo ciki. Baba ya daka mini tsawa in turo buhu. Kai jama'a, ko a wannan halin sai da na tsaya, ina tuna kuɗin Alhaji. Ya ce, "Wake ko rai?" Muka kama muka dinga mirgina su ta baki ɗaya bayan ɗaya, ni da tsohon da ya haifi kamata. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san ina mirginawa ina kwarfa ina kallon ruwa, ina faɗa wa kaina cewa na kashe ɗan mutane saboda ƙuraje a hannu. Can sai ga hannu ya kama bakin jirgi, uban ne, ya cicciɓo yaron da ɗaya hannun. Yana tari yana aman ruwa, kafaɗarsa ta kumbura, amma da ransa.

Kafin la'asar sama ta washe kamar ba a yi komai ba. Na ƙirga buhuna, 22. Ruwa ya karɓi shidan da na ƙara, ya kuma cire la'adarsa biyu. Baba ya zo ya tsuguna gaban guntun igiyar, ya daɗe yana kallon ƙullina biyu. Na jira zagi, na ma fi son ya zage ni. Bai ce komai ba sai da ya gama warware su da haƙori, sannan ya ce shi ma da laifinsa, shi ya auna taƙi biyu kuma shi ya yarda aka cinye ɗaya. Ya haɗa igiyar ya sake miƙo mini. Na ce Baba ka yafe mini, ba zan iya ba. Ya ce in ban karɓa yanzu ba, har in mutu ƙullin nan kaɗai zan sani game da jirgi. Na naɗe hannuna da tsumma na karɓa, kuma ni na riƙe ta har muka ga hasumiyoyin masallatan Epe.

Alhaja ta duba kayanta, ta ware na ƙasa da suka sha ruwa suka fara kumbura ta karya musu farashi, ta biya ni abin da ya rage. A motar dawowa, kwana da yini, shaiɗan ya yi ta tsara mini labari. Ai ni marubuci ne, ƙirƙirar 'yan fashi a hanya ba zai ɗauke ni minti goma ba, kuma Alhaji zai yarda. Abin da ya hana ni shi ne fuskar Baba lokacin da yake cewa shi ma da laifinsa, alhali babu wanda ya tambaye shi. Na je na durƙusa na faɗi komai, har da ragowar kuɗin motar da na so ci. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce bashi ne. Kaka biyu na yi ina biya, kuɗin buga kashi na biyu suka tafi, na haɗa da ragon da nake kiwo. Masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙa suna tambayar ina ci gaba. Ga amsarku yau, ko da ta makara. Da na samu na buga shi daga baya, jarumin ya daina taka birki.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da ɓoye labarin nan shi ne abin da ya faru nan kusa da mu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen Badau da za su Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya. A watan Mayun shekarar ma an yi wanda ya fi shi muni a kogin Kwara wajen Warra ta jihar Kebbi. Duk biyun an ambaci lodin da ya wuce kima. Da na ji labarin ana ta Allah wadai da matuƙa a majalisa, ni ban iya buɗe baki ba, domin na san muryar da ke tsayawa a bakin gaɓa tana cewa haba malam, ɗaya ne fa kawai, Allah zai kiyaye. Muryata ce. Mu 'yan tudu mun saba mota ta yi mana kawaici, in ta gaji ta tsaya a gefen titi mu sauka. Ruwa ba shi da gefen titi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Ban sake ganin Baba ba. Na taɓa aika masa da kwano goma na gero da wasu buhuna sababbi ta hannun wani direba, na ce a ce masa na gyaran zani ne. Amma a shekarar da abin ya faru, wajen mako bakwai da dawowata, ina tsaye tare da mahaifina a bakin gona da yamma, sai na ji wata iska mai laima ta taɓa ni. Ban san lokacin da na rufe ido na juya fuska har ta daidaita a kunnuwana biyu ba. Kudu maso yamma. Tsoho ya dube ni ya ce yaushe na koyi wannan. Na ce a Legas. Ya ce to je ka gaya wa uwarka ta fito da iri.

Sai mun haɗu mako mai zuwa da ci gaban littafinmu, in Allah Ya kai mu.